Idan Antibairos Ya Danne Tsohuwar Kwamfutarka: Yadda Na Yi da Ta Kawu

Wata Asabar da hantsi Kawu ya shigo shagona rungume da jakar laftof ɗinsa kamar mai kai yaro asibiti. Shagon buga takardu gare ni a bakin ƙofar wata makaranta a nan Kano, taifin da fotokofi da firintin. Gyaran kwamfuta kuwa yau da gobe ce ta koya mini, ban shiga ajinsa ba. Ya ajiye jakar a kan tebur, ya ja kujera ya zauna, ya ce, "Kai ɗan nan, duba mini wannan abar. In na kunna ta sai in je in yi alwala, in yi walaha, in dawo ba ta gama wartsakewa ba."

Na ce, "Kawu, ai ta tsufa ne."

Ya ce, "Ni ma na tsufa, amma ina amsa sallama."

HP EliteBook 8470p ce, irin waɗanda suka fito a 2012, ya saye ta ta gwanjo. Furosesarta, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, Core i5 ce, RAM ɗinta, wato inda take riƙe abin da take aiki da shi a lokacin, gigabait 4, rumbun ajiyarta mai gigabait 500 ne, tsohon samfuri mai faifai da ke juyawa a ciki, wanda masu gyara ke kira HDD. Windows 10 ce a kanta. Ba wani aiki mai nauyi yake yi da ita ba: tun da ya yi ritaya daga koyarwa yake rubuta tarihin garinmu a Word, sai hotunan bukukuwa da karatuttukan malamai da yake saurara. Na kunna ta na duba agogo. Minti tara suka wuce kafin Word ya yarda ya buɗe.

Da na leƙa ciki sai na tarar da antibairos uku suna aiki lokaci guda. Ɗaya wanda ya sayar masa da ita ne ya ɗora, na gwaji ne, wa'adinsa ya ƙare tun tuni amma bai fita ba. Na biyu ɗansa ne ya saka da ya zo hutu. Na uku wani ƙarami ne na tsaron filash da wani yaro a shagon firintin ya saka masa bayan bairos ya ɓoye masa fayiloli. Ga kuma wata manhaja mai cewa ita "mai share datti" ce, kullum tana ihu da jan rubutu wai ta gano matsaloli dubu, a biya ta ta gyara. Kowa cikinsu taimako ya yi niyya. Amma dambu in ya yi yawa ba ya jin mai.

Abin da na yi wa kwamfutar nan shi zan zayyana, don na san akwai irinta da yawa a gidaje da ofisoshi. Sai dai kafin ka taɓa komai, ka san abin da antibairos yake yi, in ba haka ba za ka yi ta danne-danne a makance.

Ka ɗauki kwamfutarka kamar hanyar mota, antibairos kuma shingen bincike. Duk fayil ɗin da za a buɗe, ko a ajiye, ko a kwafa, sai an tsayar da shi an duba kayansa kafin a ɗaga masa sanda. Wannan shi ne tsaron da ke aiki kowane lokaci. Ban da shi akwai binciken gida-gida, wato sikan, inda yake bin duk abin da ke cikin rumbu ɗaya bayan ɗaya ko ba ka taɓa shi ba. Sai na uku, sabunta jerin sunayen ɓarayin da yake nema, wanda yake saukowa ta intanet kusan kowace rana. A sabuwar kwamfuta hanyar mai faɗi ce, ba ka ma lura da shingen. A tsohuwa hanya ɗaya ce siririya. Rumbu mai faifai allura gare shi da ke kai-kawo a kan faifan, kuma ba ta iya karanta wuri biyu lokaci guda. Idan fayiloli ƙanana ne a warwatse, abin da take iya ɗaukowa a daƙiƙa ɗaya bai wuce ɗari ko ɗari da wani abu ba, alhali sabon samfurin rumbu, SSD, yana ɗauko dubbai. To ka ga Word yana son allurar nan, Windows tana son ta, antibairos yana son ta. In masu binciken uku ne, kowanne sai ya sauke kayan motar ya sake lodawa, har ma wani ya tsayar da ɗan'uwansa yana bincikarsa.

Ka fara tabbatar da mai laifi

Na sha ganin an ɗora wa antibairos laifin da ba nasa ba, don haka kada ka yanke hukunci kafin ka ga shaida. Kunna kwamfutar, lokacin da take cikin nauyin nan ka danna Ctrl da Shift da Esc tare. Taga mai suna Task Manager za ta buɗe. In ta fito 'yar ƙarama, danna "More details" a ƙasa. Za ka ga ginshiƙai: CPU, wato furosesa, Memory, wato RAM, da Disk, wato rumbu. Danna kan kalmar Disk don mai cin rumbu ya hau sama, ka zuba ido na minti biyu ko uku. Sannan ka yi haka a kan CPU da Memory.

A ta Kawu Disk a 100% yake tsaye ba ya motsi, Memory ya haura 85%, CPU kuwa ko rabi bai kai ba. Wannan kaɗai ya gaya mini furosesar ba ta da laifi, rumbu ne ya shaƙe, RAM kuma ya cika. Sunayen da ke saman jerin duk na antibairos ɗin nan ne suna karɓa-karɓa. Idan kai ka ga "Antimalware Service Executable" a sama, kada ka firgita, ba bairos ba ne, shi ne Microsoft Defender, mai gadin da Windows ke zuwa da shi. In kuwa abin da ke sama "Windows Modules Installer Worker" ne, Windows ce ke sabunta kanta, ka bar ta ta gama. In Chrome ne da shafuka ashirin a buɗe, ka san inda za ka kama.

Mai son ganin ƙwaƙwaf ya danna maɓallin Windows da R, ya rubuta resmon, ya shiga sashen Disk. Nan za ka ga ainihin fayilolin da ake karantawa da wanda ke karanta su. Ta nan na gano ɗaya daga cikin masu gadin Kawu ya maƙale a foldar karatuttukan malamai, kusan gigabait 60 na sauti, yana bin su ɗaya-ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Akwai gwaji mai sauƙi. Cire intanet, cire duk filash, ka kashe tsaron antibairos na minti goma, ka buɗe fayil ɗin da ya saba jinkiri ka ƙirga lokaci. Mayar da tsaron ka sake gwadawa da wani fayil mai girmansa. In bambancin a fili yake, ka kama mai laifi. In babu bambanci, matsalarka tana wani wuri, ka tsallaka zuwa maganar rumbu da ƙura a ƙasa.

Mai gadi ɗaya

Ra'ayina a nan ba ni ɓoye shi: a tsohuwar kwamfuta mai Windows 10, Defender ya isa. Tun Windows 8 a 2012 Microsoft ta mayar da shi cikakken antibairos a cikin Windows, kyauta ne, ba ya ƙarewa, ba ya damunka da tallar sayen babban yayansa. Ba wai shi ba ya cin ƙarfin kwamfuta ba ne, yana ci, wani lokaci ma sosai. Amma shi kaɗai ne, ba ya zuwa da tarkacen da wasu ke jawowa: mai tsaron burauza, mai share datti, VPN, mai sabunta direbobi, kowanne da nasa kason a RAM. In ka sayi wani da kuɗinka kuma kana sabunta shi, ba laifi, riƙe shi. Windows da kanta za ta sa Defender ya ja gefe idan ta ga wani a bakin aiki. Abin da ba na so shi ne biyu ko uku daga kamfanoni daban-daban suna gadi tare.

Kafin ka cire komai, kwashe muhimman fayilolinka ka ajiye a wani wuri. Na Kawu tarihin da ya shekara huɗu yana rubutawa ne, kuma ashe kwafi ɗaya tak gare shi a duniya. Sai da na tura masa shi imel ɗinsa na kuma zuba a filash sannan hankalina ya kwanta.

Daga nan danna Windows da R, rubuta appwiz.cpl. Jerin duk manhajojin da ke kwamfutar zai fito. Zaɓi antibairos ɗin da za ka cire ka danna "Uninstall". Ɗaya za ka cire, ka kashe kwamfutar ka kunna, sannan ka cire na gaba. Kada ka yi garajen cire su a zama ɗaya. Za su yi ta roƙonka, wani ya ce kwamfutarka za ta shiga haɗari, wani ya yi maka ragin kuɗi. Ka daure. Abin da ba za ka yi ba shi ne ka je foldarsa ka goge da hannu, don antibairos yana da saiwoyi a can cikin Windows, in ka sare itacen ka bar saiwa sai ka rasa intanet ko kwamfutar ta ƙi tashi.

Wani lokaci ko ka cire ta hanyar da ta dace ragowa kan saura. Saboda haka manyan kamfanonin kowanne yana da 'yar manhajar share sawunsa a shafinsa: McAfee suna da MCPR, Avast suna da Avast Clear, Kaspersky suna da kavremover, Norton suna da Remove and Reinstall. Daga shafin kamfanin kawai za ka sauke, kada ka ɗauko daga wani shafin da Google ya jefo maka a sama. Masu "share datti" da "ƙara gudu" kuwa duk ka kore su, ban taɓa ganin wadda ta biya kuɗin sabulu ba.

Da ka gama, buɗe "Windows Security", shiga "Virus & threat protection", ka tabbata Defender ya karɓi aiki kuma "Real-time protection" a kunne yake. Danna "Check for updates" ya sauke sabon jerinsa. Masu amfani da datar waya, ku lura: in kun gaya wa Windows cewa layin na awo ne don kada ta cinye muku data, sabuntawar ba lallai ta riƙa zuwa da kanta ba, sai ku riƙa danna wannan maɓallin ko sau biyu a mako. Bayan saukewar farko, na yau da kullum ba ya cin data mai yawa.

Wannan mataki kaɗai ya dawo da ta Kawu daga minti tara zuwa minti huɗu.

Ka tabbata ba ɓarawo a cikin gida

Kwamfutar da ta shekara da antibairos da ya mutu a tsaye tana iya ɗauke da bairos na gaske, kuma shi ma nauyi yake kawowa. Akwai masu ɓuya suna amfani da furosesarka suna haƙo wa wani kuɗin kirifto, sai ka ji fanka tana kuka kai ba abin da kake yi. A cikin "Virus & threat protection" danna "Scan options", zaɓi "Microsoft Defender Offline scan". Kwamfutar za ta kashe kanta ta tashi a wani yanayi da bairos ba ya iya ɓuya, ta yi bincike na kamar kwata ɗin awa, a tsohon rumbu yakan ɗara haka. Sa mata caji tukuna. Bayan nan ka yi "Full scan" sau ɗaya, ranar da kake da wuta kuma ba ka da aiki. A rumbu mai faifai yana iya cinye awanni. Sau ɗaya ya isa, ba abin yi kowane mako ba ne, tunda shingen da ke aiki kullum yana duba duk abin da ke shigowa.

Lokacin sikan

Ga wani abu da na daɗe ban gane ba. Windows tana da lokacin da ta ware don ayyukan kula da kanta, ciki har da sikan na Defender, kuma a yadda take zuwa ƙarfe 2 na dare ne. Wanda ya tsara haka yana zaton kwamfuta a jone take kwana. Mu nan ƙarfe biyun dare ba wuta, batirin tsohuwar laftof kuwa ko awa ba ya yi. Saboda haka aikin da ba a yi da dare ba yana nan yana jira, sai ka kunna da safe, ka ɗan ɗauke hannu daga madannai, ta ce yauwa, ga dama. Ka dawo ka tarar rumbu ya shaƙe, kai kuma mai janareta yana ƙonewa.

Maganinsa ka ba ta lokacin da ya dace da rayuwarka. Shiga Control Panel, "Security and Maintenance", buɗe "Maintenance", danna "Change maintenance settings", ka sa lokacin da kwamfutar ke kunne amma kai ba ka kanta. Ni a shago ƙarfe 1 na rana na sa, lokacin azahar da cin abinci. Na Kawu ƙarfe 4 na yamma, don ya ce da la'asar yake barin ta ya fita majalisa. In kana son ka ƙara ɗaure shi, danna Windows da R ka rubuta taskschd.msc, ka bi Microsoft, Windows, Windows Defender, ka buɗe "Windows Defender Scheduled Scan". A shafin "Triggers" za ka iya sa masa rana da lokaci a mako, a shafin "Conditions" kuma ka ce kada ya fara sai kwamfutar na jone da wuta. In naka antibairos na wani kamfani ne, irin wannan saitin yana cikinsa, nemi inda aka rubuta jadawalin sikan.

Akwai kuma umarnin da ake rubutawa a PowerShell, tagar rubuta umarni ta Windows, bayan ka buɗe shi da ikon "Run as administrator": Set-MpPreference -ScanAvgCPULoadFactor 20. Ma'anarsa Defender ya yi ƙoƙarin kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari na ƙarfin furosesa lokacin sikan, maimakon 50 da yake zuwa da shi. Yana taimakon kwamfutar da furosesarta ce mai rauni, irin su Celeron. Amma in matsalarka rumbu ce kamar ta Kawu, kada ka sa rai da yawa, furosesa yake sassauta wa, allura tana nan tana wahala.

Foldar da za a ɗauke wa bincike

Nan ne mutane ke yanka kansu, don haka a bi a hankali. Defender yana ba ka dama ka ce wata folda kada ya duba ta: "Manage settings", ka gangara zuwa "Exclusions", ka danna "Add or remove exclusions". Na ɗauke wa foldar karatuttukan Kawu bincike, bayan an yi mata cikakken sikan sau ɗaya, saboda sauti ne zalla da ya daɗe da tarawa, kuma na gaya masa kada ya ƙara zuba komai a cikinta. Iyakar abin da na ware ke nan.

Kada ka ware Downloads, kada ka ware Desktop, kada ka ware filash, balle C: gaba ɗaya. Ta nan ɓarayi ke shigowa, in ka ware su ka sallami mai gadi ke nan ka bar masa kujera. Wasu a intanet suna cewa ka ware foldar Defender ɗin kansa wai don kada ya riƙa bincikar kansa. Na gwada a kwamfutoci da dama ban ga wani canji da zan rantse a kai ba. Sannan duk manhajar sata da aka ce sai ka kashe antibairos kafin ta shiga, ka tambayi kanka me take ɗauke da shi da ba ta son a gani. Da yawan kwamfutocin da ake kawo mini da ciwo ta wannan ƙofar ciwon ya shiga.

Sauran masu tashi tare da Windows

Koma Task Manager ka shiga shafin "Startup". Duk abin da ke nan yana tashi da zarar ka kunna, kuma duk fayil ɗin da ya buɗe sai mai gadi ya duba, ka ga nauyi biyu ke nan. Duk wanda ba ka buƙata tun da safe danna shi ka zaɓi "Disable". Ba goge shi ka yi ba, in ka neme shi zai buɗe. Bar na sauti, da na abin shafa yatsa da ke zaman linzami, wato touchpad, da "Windows Security notification icon". A burauza ma ka duba ƙananan manhajojin da aka liƙa mata, antibairos da ka cire sukan bar 'ya'yansu a can.

Gaskiyar magana rumbu ne

Duk abin da na lissafa kyauta ne, kuma ya kai ta Kawu minti uku ba kaɗan. Ya ce ya gode, hakan ma ya isa. Na ce, "Kawu, in za ka iya ɗan taɓa fansho, akwai sauran magana."

Windows 10 a kan rumbu mai faifai da RAM gigabait 4 wahala ce ko babu antibairos. Windows kanta tana riƙe kusan rabin RAM ɗin kafin ka buɗe komai. In ya cika sai ta fara aron wuri a rumbu, wato wannan allurar da kowa ke rububi a kanta an ƙara mata wani aikin. Sauke wata 'yar manhaja kyauta mai suna CrystalDiskInfo ka ga lafiyar rumbunka. In ta rubuta "Good" da sauƙi. In ta rubuta "Caution" da ruwan ɗorawa, rumbun ya fara mutuwa, kwashe kayanka yau, ba gobe ba. Na Kawu "Caution" ya nuna. Ashe rabin jinkirin nan allura ce ke ta maimaita karatu a wuraren da suka lalace, mu muna ta zagin masu gadi.

Na je Beirut Road na sayo SSD mai gigabait 256, irin na SATA mai inci biyu da rabi, wanda ke shiga daidai gurbin tsohon. A irin wannan EliteBook ɗin murfin ƙasa zamewa yake yi, aikin bai kai minti goma ba. Farashi ba zan faɗa ba, yana bin dala. Abin da zan ce shi ne ka saya a wurin wanda za ka iya komawa, kuma ka gwada shi da CrystalDiskInfo a gabansa, za ta nuna maka awa nawa ya taɓa yi yana aiki, don ana sayar da tsoho a kwalin sabo. Ana iya kwafe tsohon rumbu dungurungum zuwa sabo da irin su Clonezilla, amma kwamfutar da ta sha antibairos uku da mai share datti gara a yi mata sabuwar Windows, a dawo da fayiloli kawai. Haka na yi. Tsohon rumbun in lafiyarsa ƙalau ana saka shi a ɗan akwatin USB ya zama ma'ajiya. Na Kawu dai na ce kada ya ƙara ba shi amana.

RAM kuma duba Task Manager, shafin "Performance", sashen Memory, zai gaya maka gurbi nawa gare ka da nawa ke cike. Tasa gurbi biyu ne ɗaya ba kowa, na ƙara gigabait 4 ya zama 8. Tafi da kwamfutar kasuwa a gwada a gabanka, saboda akwai DDR3 akwai DDR3L, wutar da suke ci ta bambanta, wasu kwamfutocin ba sa karɓar na farkon. Kuma in Windows ɗinka mai 32-bit ce ba za ta amfana da abin da ya haura gigabait 4 ba, sai an sake ta da mai 64. In kuɗinka na abu ɗaya ne, SSD za ka fara saya.

Tunda an buɗe ta, na hure fanka. Ƙurar hunturu ta shekaru ta toshe ragar iska kamar audugar katifa. Furosesa in ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, sikan kuwa yana sa ta zafi. Kada a riƙa ɗora laftof a kan katifa ko darduma, nemi faranti ko katako.

Bayan wannan na kunna ta a gabansa. Daƙiƙa talatin ba su cika ba Word ya buɗe, Defender kuma yana kunne da duk tsaronsa. Kawu ya gyara gilashi ya ce, "To yanzu yaushe zan yi walahar?"

Maganar cire antibairos gaba ɗaya

Akwai masu cewa a kashe komai a huta, ai mutum in yana da hankali ba ya kamuwa. A wurin da filash ke yawo hannu-hannu wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Filash da yawa ake soka wa kwamfutar shagona a yini, ɗalibai da masu neman aiki, kuma ba ranar da ba na ganin bairos ɗin nan mai ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi masu kama da su. Mai filash bai yi wani ganganci ba, firintin kawai ya je yi a wani shago. In ya same ka, kada ka danna ko ɗaya daga gumakan masu 'yar kibiya a kusurwa. Bari antibairos ya share filash ɗin, sannan ka danna Windows da R ka rubuta cmd, in baƙar tagar ta buɗe, ka rubuta harafin filash ɗin, misali E: ka danna Enter, ka rubuta attrib -h -r -s /s /d *.* ka sake danna Enter. Fayilolinka za su fito daga maɓoya. Na koya wa Kawu ya riƙa mayar da abin da zai buga zuwa PDF ya turo ta WhatsApp ko imel, filash ɗinsa ya zauna a gida.

Sai dai antibairos ba ya toshe ramin da ke jikin Windows kanta. A watan Mayun 2017 bairos ɗin WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama har da na asibitocin Ingila, alhali Microsoft ta fitar da facin ramin da ya bi tun watan Maris, waɗanda ba su sabunta ba ne suka sha. Windows 7 an daina yi mata faci tun 14 ga Janairun 2020, Chrome ma ya tsaya mata a lamba 109. Windows 10 wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, sai ƙarin lokaci ga wanda ya shiga shirin da suke kira ESU, kodayake Microsoft ta ce Defender zai ci gaba da samun sabon jerinsa a kanta har Oktoban 2028. Windows 11 kuwa tana neman wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, ta Kawu zubi na uku ce, ba ta cikin lissafi. Mai irin wannan kwamfutar da ke shiga banki da ita ya fara tunanin Linux Mint, wadda ake ɗorawa a madadin Windows, tana da sauƙin nauyi kuma ana ci gaba da yi mata faci. Na nuna wa Kawu ita a kwamfutata, ya ɗan juya linzami, ya ce shi a bar shi da Word ɗinsa har ya kai babin sarautar Fulani, in ya gama littafin ma yi wannan maganar. Na ce to, amma harkar banki a waya za ka riƙa yi, kuma duk Juma'a ka turo mini kwafin abin da ka rubuta.